LIYARI, DALA DA SULE: TARIHINMU DA AKE NARKAWA A MAƘERA

'Yan uwana mazauna Fatakwal, Anaca, Inugu da kewaye,

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da kowannenmu yake ambata a bakinsa kullum amma ƙalilan ne suka taɓa riƙe shi a hannu. Za ka ji mutum ya ce ba shi da ko sisi, ko ya ce wane ba ya bayar da ko anini, ko ka ji dattijo a kara yana ciniki da fam da jaka, alhali an daina kashe fam a ƙasar nan tun 1973. Idan ka haɗu da ɗan uwanmu na Maraɗi ko Damagaram, shi kuma lissafinsa duk da dala ne. Waɗannan kalmomi sunayen tsabar kuɗi ne na gaske, wasunsu na azurfa zalla, kuma har yanzu akwai ragowarsu a cikin gidajenmu da rumfunanmu na nan kudu. Abin da ya dame ni shi ne kullum raguwa suke yi, domin ana auna su a sikeli a sayar wa maƙera su narka su yi zobe.

YADDA NAKE NEMANSU

A Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne su je banki su karɓo ƙunshin sulalla a naɗe cikin takarda, su zo gida su warware suna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke nema shi ne azurfa, saboda har zuwa 1964 ƙananan kuɗinsu na santi 10 da santi 25 kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, kuma jefi-jefi akan samu kuɗin wata ƙasa ya ɓuya a ciki. To mu nan ba mu da wannan damar. Kwandalolin da Babban Banki ya fitar a 2007, wato na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ko mai sayar da ruwan leda ba ya karɓa, balle a ce mutum ya je banki nemansu.

Saboda haka ni bankina daban ne. Mahaifina ɗan kasuwa ne, albasa da busasshen barkono yake saukewa, kuma tun na gama sakandare nake bin kaya tsakanin garuruwan nan uku. Duk inda na sauka, idan na sallami mota, sai in zaga wurare huɗu: teburin 'yan canji, inda ake tara sulallan da matafiya suka bari babu mai so, wurin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, shimfiɗar masu sayar da zobba da carbi a ƙofar masallaci, sai kuma gidajen tsofaffi, inda ake da gwangwanin madara ko adudu da aka shekara arba'in ba a buɗe ba. Akasarin abin da ake samu tarkace ne, kwabbai masu huji da sefa da sulallan 1973. Amma a cikin ɗari biyu ko uku, sai ka ji guda ɗaya ta faɗi a siminti da wata ƙara mai zaƙi wadda take daɗewa a kunne. Wannan ita ce azurfa. Cikin shekara shida na tara guda goma sha ɗaya, kuma babu ko ɗaya da aka buga a Nijeriya.

LIYARI, UWAR KUƊIN AZURFA

Babba a cikinsu ita ce liyari. Na same ta a Inugu wurin wata tsohuwa da muke kira Iya, wadda aka kawo ta aure daga ƙasar Zazzau tana yarinya. An liƙa wa kuɗin wata 'yar maɗauki a sama don a rataya a wuya. Da ta ga ina jujjuya ta sai ta ce, "Ɗan nan, wannan ta kakata ce, da ita aka kai ta ɗaki. Ka riƙe, na san kai ba za ka kai wa maƙeri ba."

A gefe guda akwai hoton wata mace mai jiki da lulluɓi, a ɗaya gefen kuma mikiya mai kai biyu, da shekarar 1780. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya, wadda ta rasu a wannan shekarar. Nauyin kuɗin giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ne. Larabawa da Habashawa da mutanen Sahara sun amince da ita matuƙa, har ta kai ba sa karɓar wadda aka sauya wa fasali, shi ya sa aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780 ɗin nan ba a canzawa. An buga ta a Biyana, daga baya kuma a Roma da Landan da Faris da Bombai, kuma har gobe ana buga ta a Ostiriya. Don haka mai karatu ya lura, ganin 1780 a jikin liyari ba ya nufin ta shekara ɗari biyu da arba'in. Mai yiwuwa ta kai, mai yiwuwa kuma sa'ar mahaifinka ce.

Ta yaya ta zo ƙasar Hausa? Ta hanyar raƙuma. Daga tashoshin bahar Rum ta sauka Turabulus, daga nan ayari ya ɗauko ta ta Gadamas da Gat da Agadas zuwa Damagaram da Katsina da Kano, ko kuma ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa ta Barno. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma ya rubuta cewa ana canza irin wannan babban kuɗin azurfa a kan wuri 2,500. Mu yi lissafi tare. Keso guda na wuri shi ne 20,000, kuma kaya ne na ƙato guda. Ke nan abin da ɗan dako zai ɗauka yana nishi, liyari takwas ne kacal, waɗanda falke zai ɗaure a lalitarsa ba wanda ya sani. Ga wanda zai yi tafiyar wata biyu cikin daji, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Daɗin daɗawa, daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wurin Zanzibar ta bakin teku, darajar wuri ta yi ta faɗuwa, ita kuwa azurfa tana nan daram. Wuri na cefane ne, liyari kuwa ta ajiya ce da sadaki da babban ciniki. Abin da ya rage kuma mata su yi ado da shi, shi ya sa za ka ga yawancin waɗanda suka saura an huda su ko an liƙa musu maɗauki.

DALA DA 'YAN UWANTA

Sunan irin wannan kuɗi a harshen Jamus shi ne tala, daga sunan wani kwari mai ma'adinin azurfa a ƙasar Bohemiya inda aka fara buga manyan sulalla a farkon ƙarni na 16. Daga wannan kalma aka samu dalar Amurka, kuma daga nan muka samu tamu dalar. Ba ta da dangantaka da dutsen Dala na Kano, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Da Faransawa suka mamaye ƙasar da ta zama Nijar, sun zo da nasu babban kuɗin azurfa na faran 5 mai nauyin giram 25. Da yake ya yi kusa da liyari a girma, sai aka kira shi dala, sunan kuma ya zauna. Shi ya sa har yau idan Bamaraɗe ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Ina da guda ɗaya mai hoton Napoliyon na uku, na tsince ta a teburin wani ɗan canji a Fatakwal cikin kwanon sefa. A ɓangarenmu na Ingilishi kuwa, sule biyu aka riƙa kira dala, wasu su ce fataka. Sule daga shilin ne, sisi daga kwabo shida na Turanci, taro kwabo uku, shi kansa kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe. Fam ɗari ita ce jaka guda, shi ya sa da aka koma naira, fam ya zama naira 2, jaka ta zama naira 200.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA TARAR A NAN

Ya kamata mu tuna cewa ƙasar da kakanninmu suka sauko cikinta tana da nata kuɗin. A Anaca da kewayen kogin Kwara wuri ake kashewa, a ƙasar Ngwa da Ibibiyo da bakin ruwa kuma wani ƙarfe ne mai kamar munduwa da Ibo ke kira okpoho, wanda akasarinsa a Birmingham ta Ingila ake ƙerawa. Mutanenmu sun zo da kanwa da dawaki da shanu da tufafi, wasu kuma maharba giwa ne, irin waɗanda suka kafa zango a Elele kusa da Fatakwal a ƙarshen ƙarni na 19. Duk wanda zai yi ciniki tsakanin Kano da nan dole ya iya lissafin kuɗi iri uku ko huɗu a kansa. A ganina, sana'ar canjin da aka san mu da ita a yau a garuruwan nan, tushenta ke nan.

Garuruwan su kansu biyu daga ciki sababbi ne. An gano gawayin kwal a yankin Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912 don a samu tashar fitar da shi, jirgin ƙasa ya haɗa su a 1916, sannan gadar Makurɗi ta 1932 ta sa jirgi ya riƙa wucewa arewa ba tare da an sauke kaya a bakin Binuwai ba. Ke nan Bahaushe bai tarar da Fatakwal da Inugu a gine ba, tare da shi aka gina su. Har ma a shekarun 1950 wani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'ar mutanen gari.

A daidai wannan lokacin ne Turawa suka shiga yaƙi da tsofaffin kuɗi. Sun hana shigo da wuri, suka ce haraji sai da kuɗinsu. A 1912 suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa a 1913, ana kashe su daga Nijeriya har Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ina da sule biyu na wannan zubin, masu hoton Sarki Joji na biyar da bishiyar kwakwar manja a baya, duka daga wurin wani ɗan gwangwan a Anaca. A Ingila aka buga su. Amma azurfar ba ta daɗe ba. Bayan yaƙin duniya na farko farashinta ya yi tashin gwauron zabo, har ƙarfen da ke cikin sule ya nemi ya fi sule daraja, sai a 1920 aka koma buga su da wani ƙarfe mai ruwan tagulla. Jama'a ba su jira an yi musu bayani ba. Kowa ya ɓoye farin ya kashe jan. Yawancin sulallan azurfar da muke tsinta a yau, a wannan lokacin aka ɗaure su a tsumma. Shi kuwa okpoho ya yi taurin kai har sai da gwamnati ta yi gangamin karɓe shi daga 1948 zuwa 1949, inda aka tara sama da miliyan 32.

NA ALHAZAI DA NA SOJA

Akwai wasu guda biyu da ba ta hanyar kasuwa suka zo ba. Ta farko riyal ce ta Saudiyya, babu hoton kowa a jikinta, sai rubutun Larabci da takubba da dabino, da shekarar hijira 1354, wato 1935. Nauyinta bai kai giram 12 ba. Wani dattijo mai sayar da turare a Fatakwal ne ya nuna mini, ya ce mahaifinsa ya tafi Makka a ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan, ya shekara bakwai kafin ya dawo, wannan ce ta rage a aljihunsa. Na ce, "Baba Alhaji, a sayar mini mana." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai ba a sayar da tsarabar Makka." Bai sayar ba, kuma na ji daɗin haka. Daga baya na samu irinta a wurin mai zobba.

Ta biyu rufi ce ta Indiya ta 1942, rabinta azurfa, mai hoton Sarki Joji na shida. Duk wanda ya san tarihin yaƙin Hitila ya san runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma sun bi ta Indiya zuwa dajin Bama, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin sojan Nijeriya. Kafin nan ma, a 1941 sojanmu sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha, inda Ingila ta buga miliyoyin liyari a Bombai saboda mutanen karkarar Habasha ba sa karɓar wani kuɗi sai ita. Saboda haka wata liyarin da ke gidanku, mai yiwuwa ba raƙumi ne ya kawo ta ba, a jakar soja ta zo. Da yawa daga cikin tsofaffin sojan nan da aka sallama ba su koma gida ba, sun zauna a nan suna gadi da ƙananan sana'o'i, jikokinsu kuma su ne maƙwabtanmu.

ABIN DA YA SA BA MU DA TAKARDU

Wani zai ce, to mene ne na damuwa da tsohon ƙarfe? Amsar tana cikin 1966. A wannan shekarar, bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a arewa, su ma mutanenmu na nan ba su tsira ba, waɗanda suka rayu aka kwashe su zuwa gida da abin da hannu zai iya ɗauka. Takardun fili, rasiɗan haraji, littattafan bashi na ajami, hotuna, duk sun tafi. Abin da mace za ta iya ɗaurewa a bakin zane shi ne ya tsira, kuma shi ne ya dawo da aka dawo bayan Janairun 1970.

Su ma maƙwabtanmu sun ɗanɗana tasu a kan kuɗi. A Janairun 1968 gwamnatin tarayya ta canza takardun kuɗi, abin da ke hannun mutanen Biyafara ya zama takarda kawai. Da yake ba a canza sulalla ba, sai tsabar Nijeriya ta zama abin ɓoyo, da ita mata ke tsallaka fagen daga su sayo gishiri da abinci. Biyafara ta buga nata sulallan na alminiyom a 1969, marasa nauyi kamar murfin kwalba, ina da biyu a cikin tarkacena duk da ba azurfa ba ne. Bayan yaƙi kuma fam 20 aka ba wa masu ajiyar da ta shiga lissafin kuɗin Biyafara, komai yawanta. Darasin da tsofaffin ɓangarorin biyu suka ɗauka iri ɗaya ne: takarda tana mutuwa da sanarwa guda a rediyo, azurfa kuwa ba ruwanta da wanda ke mulki.

Har yau, duk lokacin da hankali ya tashi, kamar yadda aka gani a Anaca a Fabrairun 2006, kalmar da ake fara jefa mana ita ce baƙi. Mu kuma idan aka tambaye mu yaushe muka zo, sai mu ce tun kaka da kakanni, ba mu da abin nunawa. Ba na cewa sule zai tsaya maka a kotu. Amma yaron da aka ɗora wa sulen 1913 a tafin hannu aka ce masa kakanka ya karɓi wannan a cinikin shanu a garin nan tun ana shimfiɗa titin jirgi, ba zai ƙara jin kansa kamar wanda ya sauka daga mota jiya ba.

YADDA ZA KA GANE TA, DA ABIN DA ZA KA YI

Ga mai son dubawa, abin ba wuya. Da farko sa mayen ƙarfe, idan ya kama to ba azurfa ba ce, amma rashin kamawa kaɗai bai isa shaida ba, domin tagulla ma ba ta kamuwa. Na biyu, ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa da wata, azurfa tana da amo mai tsawo, ta jabu kuwa ƙararta a mace take. Na uku, kai ta sikelin masu gwal: liyari giram 28, dalar Faransa 25, dalar Ingilishi 11 da ɗan kai, sule rabin haka. Wadda ta sha hannu za ta ɗan ragu kaɗan. Liyari ta gaske tana da rubutu mai tudu a kewayen bakinta, an yi shi ne don kada a kankare gefen. Sai kuma shekara: kuɗin Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne mai kyau, na Ingila kuwa daga 1920 zuwa 1946 rabi ne, daga 1947 babu azurfa ko kaɗan.

Idan ka samu, don Allah kada ka goge ta da toka ko lemon tsami ko yashi. Baƙin da ta yi ba datti ba ne, kuma masu sanin abin sun fi daraja ta a haka. Abu mafi muhimmanci kuma, kafin tsohon da ke da ita ya koma ga Mahaliccinsa, zauna ka tambaye shi: ta wace ce, daga wane gari, a wace shekara aka zo da ita, wace sana'a ake yi? Rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ka naɗe tare da kuɗin. Kuɗin da babu labarinsa nauyinsa kawai maƙeri zai biya, kuma abin da zai ba ka ba zai kai ka ƙarshen wata ba.

Ina kuma kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa a garuruwan nan uku, da a samu ko da akwatin gilashi guda ne a ofishin sarki ko a makarantar Islamiyya, inda iyalai za su ajiye irin waɗannan abubuwa da sunan gidansu a jiki, yara su riƙa gani. 'Yan uwanmu maƙera da masu zobba kuma, na san sana'a ce, kuma azurfar liyari tana da daɗin aiki. Amma idan aka kawo muku, ku ɗan jinkirta kwana biyu ku sanar, wataƙila a samu wanda zai biya ku kuɗin nauyinta ya bar ta yadda take.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka taka wannan doguwar hanya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu.